Babi na Shida: Tsakanin Daraja da Awo

Wata rana da hantsi, a ƙarshen zangon karatu, lokacin da ɗalibai kan yi cincirindo a ƙofar ofisoshin malamai kowa da kundinsa a hammata, wani ɗalibi ya shigo mini da sallama, ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya ajiye takardu a gabana ya ce, "Allah ya gafarta malam, na gama babi na huɗu, sa hannunka kaɗai nake jira." Abin da ya bincika shi ne ra'ayin malaman firamare na birni da na ƙauye game da koyar da yara da harshen uwa, kuma ya raba musu takardar tambayoyi mai jumloli 20, a gaban kowace jumla akwai gurabe huɗu: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba ko kaɗan. Ya ba gurbi na farko lamba 4, na biyu 3, na uku 2, na ƙarshe 1, ya tara, ya raba, ya fitar da matsakaici. Kuma bisa al'adar da ta zama ruwan dare a kundayen ilimin tarbiyya a jami'o'inmu, duk jumlar da matsakaicinta ya kai 2.50 ya rubuta a gefenta an karɓa, wadda ta gaza kuwa ya rubuta an ƙi. Bayan haka ya zuba lambobin cikin manhajar ƙididdiga ta SPSS, ya yi gwajin t har sau 20, jumla bayan jumla.

Na ce masa, "To, madalla da ƙoƙari. Amma gaya mini, me ya sa ka zaɓi wannan gwaji ka bar sauran?" Ya yi shiru kaɗan, ya sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi, Allah ya gafarta malam, shi na tarar waɗanda suka gabace mu sun yi." Ban ga laifinsa ba, domin ni kaina da haka na fara, amma wannan shi ne abin da malaman Usulu suke kira taƙlidi, wato bin maganar wani ba tare da sanin hujjarsa ba, abin da aka yi wa gama-garin mutane rangwame a kansa, ba a kuwa yi wa wanda ya ɗauki alƙalami zai yanke hukunci a kan ra'ayin jama'a ba. Saboda irinsa na rubuta wannan babi, domin idan an sake yi masa tambayar, ya kasance yana da abin faɗa wanda ya wuce sunan magabata.

Lamba iri-iri ce

Idan mai awo a kasuwa ta zuba maka gero mudu biyu, sa'an nan ta ƙara biyu, babu shakka abin da ke cikin buhunka ya ninka, kuma ratar da ke tsakanin mudu ɗaya da mudu biyu daidai take da wadda ke tsakanin mudu tara da mudu goma. Saboda haka kana da damar ka tara, ka ɗebe, ka raba, har ka ce kowane gida ya sami mudu uku da rabi. Amma je ka filin sukuwa ranar tseren dawaki, ka ji an ce wannan ya zo na ɗaya, wancan na biyu, wancan na uku: iyakar abin da ka sani shi ne wanda ya riga wani, alhali kuwa mai yiwuwa ne na ɗaya ya tsere wa na biyu da tsawon wuya kawai, shi kuma na biyu ya bar na uku can baya yana shan ƙura. Lambar mudu awo ce, lambar doki daraja ce, kuma ko da yake kamarsu ɗaya a kan takarda, hukuncinsu ya sha bamban.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya riga ya san wannan bambanci, ko da bai taɓa jin sunan ilimin ƙididdiga ba. Malaman Fiƙihu sun jera hukunce-hukuncen ayyuka guda biyar, wato wajibi, da mustahabbi, da mubahi, da makaruhi, da haram, kuma jerin yana da sama yana da ƙasa. Amma ba a taɓa jin malamin da ya ce ratar da ke tsakanin makaruhi da haram daidai take da wadda ke tsakanin mubahi da makaruhi ba, tun da yake haram akwai uƙuba a kan mai aikata shi, makaruhi kuwa babu, balle a ce wanda ya haɗa wajibi ɗaya da haram ɗaya, idan aka tara aka raba biyu, ya aikata mubahi ke nan. Haka nan ma'abota Hadisi suka sa sahihi sama da hasan, hasan sama da mai rauni, ba tare da sun yi da'awar cewa matakan wannan tsani tazararsu ɗaya ba.

Wanda ya tsara wannan magana a ilimin zamani shi ne S. S. Stevens, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard ta Amurka, cikin wata maƙala da ya buga a mujallar Science a 1946, inda ya kasa ma'aunai gida huɗu: na suna, kamar lambar da ke bayan rigar ɗan ƙwallo, na daraja, kamar na tseren dawakin nan, na tazara, kamar ma'aunin zafi, wanda matakansa daidai suke amma sifirinsa yarjejeniya ce kawai, da na ninki, kamar mudu da kilo da mita, wanda sifirinsa yake nufin babu komai. Ra'ayinsa shi ne, a bisa tsantsar ƙa'ida, bai kamata a fitar da matsakaici daga ma'aunin daraja ba, ko da yake shi da kansa ya amsa cewa masu bincike suna yin haka, kuma sau da yawa suna samun sakamako mai fa'ida.

Ma'aunin da ɗalibina ya yi aiki da shi kuwa jika ne ga wanda Rensis Likert ya fitar a 1932, cikin kundin digirinsa na uku a Jami'ar Columbia da ke New York, mai gurabe biyar, daga amincewa ƙwarai zuwa ƙi ƙwarai, da gurbin wanda bai yanke shawara ba a tsakiya. Akwai abu guda game da aikinsa da mutane da yawa suka manta, alhali kuwa a kansa mas'alarmu ta rataya: jumloli masu yawa Likert yake jerawa a kan maudu'i guda, ya tara lambobinsu, kuma wannan jimilla ce ma'aunin ra'ayin mutum a wurinsa. Ware jumla ɗaya a yi mata hukunci ita kaɗai aikin na baya ne.

Misali da lissafin hannu

Bari mu ƙaddara, don misali kawai, an tambayi majinyata goma a ɗakin jinya na gabas da goma a na yamma yadda suka gamsu da kulawar da ake yi musu, a ma'auni mai gurabe biyar. Duka goman na gabas suka zaɓi gurbi na 3, wato tsaka-tsaki. A yamma kuwa shida suka zaɓi na 2, wato ba su gamsu ba, huɗu suka zaɓi na 5, wato sun gamsu ƙwarai. Matsakaicin gabas 3.0 ne, na yamma, idan ka tara 12 da 20 ka raba gida goma, 3.2 ne, saboda haka mai bin matsakaici zai rubuta cewa yamma ta fi. To, amma wa ya wajabta cewa lambobin su zama 1, 2, 3, 4, 5? Majinyata kalmomi suka zaɓa, mu ne muka laƙaba wa kalmomin lambobi. Da wani zai zo ya ce, a ganinsa, tsallakawa daga rashin gamsuwa zuwa tsaka-tsaki ta fi sauran matakan faɗi, don haka ya ba guraben 1, 2, 4, 5, 6, da ba mu da hujjar da za mu kayar da shi, domin bai taɓa jerin ba. A lissafinsa gabas ta sami 4.0, yamma kuwa, 12 da 24 a raba gida goma, ta sami 3.6, sai ga shi reshe ya juye da mujiya, alhali babu majinyaci ko ɗaya da ya sake magana.

Yanzu mu bi wata hanya, wadda duk wanda ya taɓa kallon kokawa tsakanin garuruwa biyu zai gane ta nan take. A ce kowane mutum na gabas ya kara da kowane mutum na yamma, goma sau goma, karo 100 ke nan. A kowane karo wanda gurbinsa ya fi tsawo shi ya yi kaye, idan kuwa gurbinsu ɗaya ne an yi kunnen doki, sai a raba musu rabi da rabi. Mai 3 yana kayar da mai 2, mai 5 yana kayar da mai 3, saboda haka gabas ta ci karo 60, yamma ta ci 40. Ka sauya lambobin yadda ka ga dama, muddin ba ka ɓata jerin ba, wannan 60 da 40 ba za su motsa ba. A kan wannan ƙidaya aka gina gwajin Mann da Whitney, kuma ma'anarta a fili take ga kowa: idan aka ɗauko mutum guda daga kowane ɗaki ba tare da zaɓe ba, sau 60 cikin 100 na gabas ne zai fi gamsuwa.

Duk da haka mai lura zai ga cewa lissafin biyu duka sun binne babban labarin, wanda shi ne mutanen yamma sun rabu gida biyu, wasu na yabo wasu na kuka, kuma shugaban asibitin da zai ga haka, abin da zai fara tambaya shi ne ko ma'aikatan dare ne suka bambanta da na rana. Wannan labari ba ya fitowa sai a jadawali mai sauƙi wanda ya nuna mutum nawa suka zaɓi kowane gurbi a kowane rukuni, kuma zana shi shi ne farkon wajibi kafin a taɓa kowane gwaji.

Kada kuma a ɗauka cewa rashin daidaiton matakan nan shubuha ce ta malaman lissafi kawai. Duk wanda ya je dubiya ya san Bahaushe, ko da ciwo ya kai masa iya wuya, idan aka ce masa yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Kuma kara da kunya ba su cika barin mutum ya dubi baƙon da ya zo har gida da takarda ya ce masa bai yarda ba ko kaɗan. Don haka amsoshi kan taru a gefe guda na ma'auni, kuma mutumin da ya iya daurewa ya zaɓi gurbin ƙarshe na ƙasa ya yi tafiya mai nisa fiye da wanda ya matsa daga na yarda zuwa na yarda ƙwarai.

Asalin gwaje-gwajen

Kafin a ambaci sunayensu, ya kamata a san cewa duk waɗannan gwaje-gwaje tambaya ɗaya suke amsawa, kowanne ta hanyarsa: da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin jama'ar da aka ɗebo rukunan daga cikinsu, sau nawa dace kaɗai zai haifar da rata mai girman wadda muka gani ko fiye da ita? Amsar ita ce adadin da ake kira p, kuma tun daga littafin da Ronald Fisher ya wallafa wa masu bincike a 1925, lokacin yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, aka saba ɗaukar ɗaya cikin ashirin, wato 0.05, a matsayin iyaka.

Gwajin t, wanda ɗalibina ya gada, ya samo asali ne a masana'antar giya ta Guinness da ke Dublin a ƙasar Ailan, inda William Gosset yake auna ingancin sha'ir da sauran kayan haɗi da samfura 'yan kaɗan. Da yake kamfanin bai yarda ma'aikatansa su buga bincike da sunayensu ba, sai ya fitar da maƙalarsa a 1908 da laƙabin Student, wato Ɗalibi. Abin da Gosset yake aunawa awo ne na gaske, irin na mudu da sikeli, kuma gwajinsa matsakaici biyu yake kwatantawa. Fisher ya faɗaɗa wannan tunani zuwa rukuni uku ko fiye da hanyar da ake kira ANOVA, sa'an nan B. L. Welch a 1947 ya gyara gwajin t yadda zai yi aiki ko da warwatsuwar amsoshi a rukunan biyu ba ɗaya ba ce, kamar yadda muka gani tsakanin gabas da yamma.

Hanyar daraja kuwa, wanda ya kawo ta ga kwatanta rukuni biyu wani masanin sinadarai ne, Frank Wilcoxon, ma'aikacin kamfanin American Cyanamid, wanda ya daɗe yana gwada magungunan kashe ƙwari. Cikin wata gajeriyar maƙala ta 1945 ya nuna cewa ana iya ajiye lambobin asali a gefe, a jera sakamako daga ƙarami zuwa babba, a yi lissafi da matsayin kowanne cikin jerin. Bayan shekara biyu Henry Mann da ɗalibinsa Donald Whitney, a Jami'ar Jihar Ohio, suka kammala ginin har ya ɗauki rukunan da yawansu bai zo ɗaya ba, a 1952 kuma William Kruskal da Allen Wallis na Jami'ar Shikago suka kai shi ga rukuni uku ko fiye. Tun kafin waɗannan duka, a 1937, Milton Friedman, wanda daga baya ya shahara a ilimin tattalin arziki har ya sami kyautar Nobel a 1976, ya riga ya fitar da gwajin daraja domin yanayin da mutane ɗaya ne ake tambaya sau uku ko fiye.

Hanya ta uku ta bunƙasa ne bayan maƙalar Peter McCullagh ta 1980, kuma hikimarta ita ce ta ƙaddara cewa a ƙarƙashin guraben akwai ra'ayi mai tsawo a haɗe, kamar gona guda da magada suka raba da shingaye, ba lallai ne kuwa kasonsu ya zo daidai ba. Lissafin da kansa yake ƙiyasta inda kowane shinge ya faɗa, daga yawan mutanen da suka shiga kowane kaso, maimakon mai bincike ya yanke tun farko cewa duka faɗinsu ɗaya ne.

Saɓanin malamai

Kamar kowace mas'ala da ta daɗe, wannan ma tana da mazhabobi. A 1953 Frederic Lord ya yi wa Stevens raddi cikin raha, da ƙagaggen labarin wani farfesa da ya raba wa 'yan ƙwallo lambobin riga, sababbin ɗalibai suka yi ƙorafin an ba su ƙanana, wani masanin ƙididdiga kuma ya fitar da matsakaici ya gaskata ƙorafinsu, bai damu da cewa lambobin na suna ne ba. Abin da Lord yake nufi shi ne lissafi yana gudana a kan kowace irin lamba, nauyin fassara ne yake wuyan mai bincike. Masu wannan ra'ayi sun sami ƙarin hujja a 2010, lokacin da de Winter da Dodou na Jami'ar Fasaha ta Delft a Holand suka kwaikwayi amsoshin ma'auni mai gurabe biyar a kwamfuta, suka tarar gwajin t da na Mann da Whitney ƙarfinsu kusan ɗaya ne a galibin yanayi, sai fa inda amsoshi suka karkata gefe guda ko suka rabu gida-gida.

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa hujja ba. An tabbatar ta hanyar lissafi cewa ko a inda sharuɗan gwajin t suka cika cif, abin da yake cim ma da mutum 95 ko 96, gwajin daraja yana cim masa da mutum 100, wato hasarar 'yar kaɗan ce. Idan kuwa amsoshi suka karkata, sau da yawa gwajin daraja ne yake gaba. A 2018 kuma Liddell da Kruschke na Jami'ar Indiana suka duba manyan mujallu uku na ilimin halayyar ɗan Adam, suka tarar duk maƙalar da ta yi lissafi da irin waɗannan amsoshi ta ɗauke su ne tamkar awo, sa'an nan suka nuna cewa yin haka yana iya haifar da bambancin da babu shi, ko ya ɓoye wanda yake akwai, ko ma ya juya shi, kamar dai yadda ya faru da gabas da yamma.

Abin da nake rinjayarwa, bayan duba hujjojin ɓangarorin biyu, shi ne a rarrabe tsakanin jumla ɗaya da jimillar jumloli. Jumla ɗaya mai gurabe huɗu ko biyar daraja ce zalla, don haka a bi ta da hanyar daraja. Jimillar jumloli goma masu gurabe biyar kuwa tana iya faɗawa ko'ina daga 10 zuwa 50, wato matakai 41 ke nan, inda rashin daidaiton wannan jumla kan rage na waccan, kuma a nan kwatanta matsakaici da gwajin Welch ya halatta, bisa sharaɗin cewa jumlolin abu ɗaya suke aunawa, abin da aka saba dubawa da ma'aunin da Lee Cronbach ya yaɗa a 1951.

Yadda ake zaɓe

Bayan ka san ko jumla ɗaya kake hukuntawa ko jimilla, sai ka tambayi kanka rukuni nawa ne, kuma mutanen cikinsu daban-daban ne ko kuwa su ɗin ne aka tambaya fiye da sau ɗaya. Idan rukuni biyu ne na mutane daban, kamar malaman birni da na ƙauye, jumla ɗaya ta Mann da Whitney ce, jimilla ta Welch. Idan uku ne ko fiye, kamar a ce an haɗa da malaman makarantun makiyaya, jumla ɗaya ta Kruskal da Wallis ce, jimilla ta ANOVA. Amma ka sani waɗannan biyu iyakarsu su ce akwai bambanci a wani wuri, gano tsakanin wa da wa kuwa sai da gwaji na biyu, irin wanda Olive Jean Dunn ta fitar a 1964.

Idan mutanen ɗaya ne, aka tambaye su kafin bita aka sake tambayarsu bayanta, kowane mutum da kansa za a kwatanta shi. Mafi sauƙin hanya ita ce gwajin alama, wanda yake ƙidaya mutum nawa suka hau, nawa suka sauka. Gwajin Wilcoxon na ma'aurata ya fi shi ƙarfi, sai dai yana ɗebe amsar farko daga ta biyu kafin ya jera, wanda ke nuna ya ɗan jingina da daidaiton tazara ta bayan gida. Idan tambayar ta kai sau uku, gwajin Friedman ne. Idan kuwa kana zaton shekarun aiki ko jinsi ko matakin karatu suna da hannu cikin bambancin birni da ƙauye, kana kuma son ka ware tasirinsu, to hanyar McCullagh ce za ta fisshe ka, kuma tana nan cikin manhajojin SPSS da R.

Saura gargaɗi biyu. Na farko, kada ka rubuta cewa gwajin Mann da Whitney amsar tsakiya ta kowane rukuni yake kwatantawa, domin a ma'auni mai gurabe biyar rukuni biyu kan yi tarayya a amsar tsakiya alhali ɗaya yana kayar da ɗaya a galibin karo. Abin da yake aunawa shi ne rinjaye a kokawar nan. Na biyu, gwajin da Karl Pearson ya fitar a 1900, wanda ake yi a kan jadawalin ƙidaya, bai san sama da ƙasa ba, duk guraben sunaye ne a wurinsa. Yana da amfani idan tambayarka ita ce ko rabon amsoshi ya bambanta ta kowace fuska, amma idan kana neman wanda ya fi wani yarda, ka zubar da ilimin jeri a banza.

Tsintar rangwame

Malaman Usulu sun zargi mutumin da yake yawo tsakanin mazhabobi yana tsintar rangwamen kowacce, ya ɗauki abin da ya dace da son ransa ya bar saura. Irin wannan mutum yana nan cikin masu bincike: ya gwada t, p ta fito 0.07, ya koma Mann da Whitney, ya koma jadawalin Pearson, ya haɗe gurabe biyu su zama ɗaya, har sai adadin ya sauka ƙasa da 0.05, sa'an nan ya rubuta na ƙarshen kamar shi ya nufa tun farko. Maganin wannan shi ne niyya ta gabaci aiki, wato a rubuta gwajin da dalilinsa a babi na uku na kundin bincike tun kafin a raba takarda ko ɗaya.

Gwaji 20 na ɗalibina ma suna da tasu illar. Idan kowanne yana da haɗarin kuskure ɗaya cikin ashirin, kuma ba su rataya da juna ba, yiwuwar a sami ko da ɗaya ya nuna bambancin ƙarya ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Gyaran da ake jingina wa Bonferroni, masanin lissafi ɗan Italiya, shi ne a raba 0.05 gida 20, iyaka ta zama 0.0025, amma abin da ya fi shi ne a rage yawan gwaje-gwajen tun asali. Iyakar 2.50 kuwa ba gwaji ba ce ko kaɗan, tsakiyar 1 da 4 ce kurum, kuma cikin mutum 100, idan biyu suka matsa gurbi ɗaya-ɗaya, matsakaici zai tashi daga 2.49 zuwa 2.51, jumlar da aka ƙi ta koma karɓaɓɓiya.

Bayan mako biyu ɗalibin nan ya dawo. Ya kasa jumlolinsa gida uku bisa maudu'i, ya tara kowane kaso, ya yi gwaji uku maimakon 20, kuma a gaban kowanne ya zana jadawalin ƙidaya. Ya buɗe wani shafi ya nuna mini da yatsa ya ce, "Allah ya gafarta malam, dubi nan. Wannan jumlar da na rubuta an karɓa, ashe malaman ƙauye rabuwa suka yi, rabi suna so ƙwarai, rabi ba sa so ko kaɗan, kusan babu kowa a tsakiya." Na ce, "To, me kake gani ya raba su?" Ya ce yana zaton waɗanda ba sa so baƙi ne da aka turo daga wani yanki, ba su iya harshen garin ba, amma bai tambaye su wannan a takardarsa ba, kuma malaman ƙauyen da suka amsa masa ba su da yawan da zai sake raba su gida biyu. Na sa masa hannu, na ce ya rubuta wannan cikin shawarwarinsa ga masu zuwa bayansa. Maganar yawan mutanen da ya kamata a tambaya tun farko kuwa, ita ce za mu ɗauka a babi na bakwai.